Tambari Mai Hoton Takalma

Duk wanda ya zauna Ƙofar Marke a shekarun da kuɗin mai suka yi wa ƙasa ambaliya, lokacin da soja ke ta alkawarin komawa bariki, ya san Tambari mai gyaran rediyo. Ba don gyaran aka san shi ba. Rediyo takan shiga shagonsa tana tari, ta fito ta yi shiru gaba ɗaya, shi kuma ya gaya wa mai ita cewa tashar ce ta lalace tun daga Kaduna. Bakinsa ne ya yi suna. A faɗarsa babu na'urar da Bature ya ƙera wadda bai taɓa kwancewa ya mayar ba, har ma ya taɓa yin mako guda a gidan talabijin na Kaduna yana koya wa ma'aikata riƙon kyamara. Waɗanda suka yi tafiyar tare da shi sun ce iyakarsa bakin ƙofa, inda ya sayi rake ya sha ya juyo.

Amma a ba shi haƙƙinsa, duk Sakkwato da wuya a sami mai ladabin gaisuwa kamarsa. Ko daga nesa ya hango babban mutum sai ya zube, ya kafa ido a ƙasa, ba ya tashi sai an wuce. Abin da yake faɗa bayan an wuce ɗin kuwa, wannan tsakaninsa ne da wuyan rigarsa.

A shekarar ne Alhaji Ladan, ɗan kwangilar siminti na Ƙofar Taramniya, ya dawo daga Jidda da na'urar bidiyo. Kyamara ce mai nauyin turmi, da akwatin kaset da ake ratayawa a kafaɗa, da igiyar da ta haɗa su, da wani ƙarfe mai ƙafa uku. Alhaji bai saye ta don ado ba. Yari mai kalangu, mawaƙin da ya shekara arba'in yana wasa attajirai da 'yan kasuwar garin, ya yi shelar cewa wasa ɗaya ya rage masa, daga nan zai rataye kalangu ya tafi Makka ya roƙi gafara. Alhaji Ladan ya ɗauki nauyin wasan a ƙofar gidansa, kuma yana so a ɗauka, yadda ko bayan shekara ɗari za a ga Yari yana waƙa, a ga kuma wanda yake yi wa waƙar. Matsalar ɗaya ce. Takardar bayanin na'urar da harsuna huɗu ta zo, kuma babu Hausa a ciki.

Kafin a gama neman wanda ya iya, Tambari ya riga ya iso zaure ya zube. Ya kalli na'urar ya yi murmushi irin na wanda ya gamu da tsohon aboki, ya ce ai ƙanwar wadda ya yi aiki da ita a Kaduna ce, sai dai wannan ta fi sauƙi. Alhaji ya yi murna, ya ce in aiki ya yi kyau na'urar ta zauna a hannunsa, duk bikin da za a yi a gidan shi ne mai ɗauka.

Yari yana zaune a gefe yana cin goro. Tsoho ne siriri mai ƙaramar murya in yana magana, ba ka cewa shi ne mai cika fili. Ya dubi Tambari tun daga hula har silifa, sannan ya ce, "Tambari, shekara arba'in ina wasa mutane, ba ni da hoto ko guda sai na fasfo. So nika jikokina su gan ni da kalangu a hammata. In ka kama ni da kyau, sunanka na cikin waƙata ta ƙarshe. In ko ka ɓata man..."

Bai ƙarasa ba, kuma babu wanda ya nemi ya ƙarasa. Kowa a zauren ya san zambon Yari. Akwai wani dillalin shanu da ya taɓa raina shi, Yari ya yi masa baiti uku kacal, har yau mutumin yana Gusau bai dawo ba. Amma bakin Tambari ya riga ya yi gaba. Ya rantse cewa har furfurar gemun Yari sai an iya ƙirgawa a talabijin.

Washegari ya goge allon shagonsa, ya sa aka rubuta Tambari Mai Bidiyo da jan fenti. Yana tsaye yana sha'awar rubutun sai ga Baba Mode ya dogaro sanda. Mode ya shekara ashirin yana bin motar majigi ƙauye-ƙauye, ya kuma sha rakiyar masu ɗaukar fim yana riƙe musu kaya, saboda haka shi kaɗai ne a unguwar ya taɓa ganin yadda ake yi. Ya zauna a benci ya ba shi shawara tsakani da Allah. Ya ce ya je filin tun da wuri ya duba inda rana za ta faɗi, ya sa ta a bayansa, kada ya fuskance ta. Ya tsaya inda zai ga fuskar mawaƙi, don ba ƙeyarsa aka zo kallo ba. Ya cika batir, kada ya ƙone shi a banza. Ya kama bakinsa, domin abin ɗaukar maganar yana nan manne a kan kyamara, taƙi ɗaya daga leɓensa. Sannan, fiye da komai, ya kafa kyamarar a kan ƙarfen nan mai ƙafa uku ya bar ta.

Tambari ya yi dariya har da dafa bango. "Baba Mode, majigi daban, bidiyo daban. Zamaninku ya tahi tare da Turawa. Ni da ƙahwahuna biyu lahiya lau, mi za ni yi da sandar gurgu?"

Mode ya ce, "Ita wagga ƙahwa uku ba ta san manya ba, Tambari. Ba ta durƙusa ma kowa. Don haka anka yi ta."

Tambari bai tsaya neman ma'anar maganar ba. Ya kai ƙarfen gida ya miƙa wa matarsa Kulu, ya ce ta yi abin da ta ga dama da shi. Kulu ta auna tsawonsa da ido, ta ga ya yi daidai, ta kafa shi a tsakar gida ta rataye ƙwaryar nono inda kyanwa ba za ta kai ba. Ta kuma tuna masa cewa rediyonta tana shagonsa tun bara, in bidiyon Alhaji ma haka za ta kwana to gara ya fara neman ɗaki a Gusau. Ya ce mata mace ba ta san fasaha ba. Don ya nuna mata, ya saɓa kyamara ya nufe ta, ita kuwa ta ja mayafi ta shige ɗaki ta ce ba da ita ba. Ba abin da ya rage a tsakar gidan sai akuyarta tana tuƙa. Tambari ya durƙusa a gabanta ya ɗauke ta son ransa, ya matso da fuskarta ya mayar, ya sake matsowa, wajen kwata na awa, ita kuwa ko gezau.

Ranar wasa, bayan la'asar, ƙofar gidan Alhaji Ladan ta cika har kan katangu. An kafa wa manya rumfa ta yamma, yadda rana za ta kasance a bayansu. Yari da 'yan amshinsa suka tsaya a tsakiya suna fuskantar rumfar, shi cikin sabuwar shadda fara wadda aka ce tun watan jiya yake ajiyarta don wannan rana. Tambari ya iso da malum-malum ta aro da tabarau baƙi, kyamara a kafaɗar dama, akwati a ta hagu, igiya tana jan ƙasa. Jama'a suka dare masa, shi kuma yana tafe yana cewa a yi hattara, kayan wuta ne.

Mode ya nuna masa wuri da sandarsa, daidai gaban rumfa, inda fuskar Yari take fes kuma rana tana baya. Tambari ya je ya tsaya, sai ya waiga ya ga ya ba manyan gari baya, har da hakimi da limami. Ya yi tsalle gefe kamar ya taka garwashi. Ya ce shi ba ɗan iska ba ne da zai juya wa iyayen ƙasa ƙeya, kuma banda haka, in ya tsaya nan wa zai ga fuskarsa ya san shi ne mai ɗauka? Ya zagaya ya koma gabas, bayan 'yan amshi, daidai bakin hanyar da baƙi ke shigowa. Rana ta dake shi a ido, ya ce wannan ma alheri ne, hoto haske yake so.

Kalangu ya tashi. Yari ya buɗe murya, filin ya yi tsit, tsofaffi suka fara gyaɗa kai. Tambari ya danna maɓalli, jar fitila ta kama, ya saita ƙeyar Yari. Bai yi minti ɗaya ba sai ga wani attajirin fata ya shigo ta gefensa. Kafin ya yi tunani gwiwarsa ta riga ta kai ƙasa, da kyamara da komai. Ya gaishe shi da gida, da iyali, da gajiya, da kasuwa, da zafi. Da mutumin ya wuce ya miƙe, ya ɗan faɗi wata magana ƙasa-ƙasa, ya sake neman ƙeyar Yari. Sai ga sakataren wata ma'aikata. Sai ga sarkin pawa. Sai ga surukinsa, wanda shi kam dole a cire masa takalmi ma. Ku tuna shekarun ne da kowa ya zama babban mutum, wanda jiya yake tura baro yau ya sami kwangilar kwalbati. Tambari ya yi ta sama da ƙasa kamar guga a rijiya.

Can sai ga wani Manjo na soja da sandarsa a hammata. Wannan karon Tambari bai gaisar ba ma, zubewa kawai ya yi ya ƙame. Manjon kuwa ya ga wurin ya yi masa, ya tsaya nan yana sauraron waƙa, Tambari yana tsugune a gindinsa har aka gama waƙa guda cur. Mode yana can gefe yana ɗaga masa sanda, yana nuna sama, shi kuma yana ɗauke kai.

Da rana ta yi ja, Yari ya ɗaga hannu aka rage kiɗa. Ya ce ga ta ƙarshe. Ya wasa Alhaji Ladan har Alhaji ya share ƙwalla, ya yi wa garin sallama unguwa-unguwa, mata a cikin gida suka saki guɗa. Sannan ya cika alkawari. Ya juyo gaba ɗaya, ya ba rumfa baya, abin da bai taɓa yi ba a wasa, ya fuskanci kyamara sosai, ya kira Tambari na Kulu, mai ido uku, wanda ya kama Yari ya sa a akwati.

Ai Tambari bai san lokacin da kansa ya bar jikinsa ba. Tun da aka haife shi mawaƙi bai taɓa kiran sunansa ba. Duk wanda aka wasa kuwa dole ya jinjina, kuma da hannun dama ake jinjina, kuma a hannun daman nan kyamara take. Ya cira ta sama yana kaɗawa, ya faɗa fili yana taka rawa, hannun hagu yana laluben aljihu don ya yi liƙi. Igiya ta harɗe ƙafar wani ɗan amshi, suka tafi tare, suka tashi tare. Da ya dawo hayyacinsa ya mayar da kyamara kafaɗa, ya ɗauki sauran waƙar a tsanake, a tsaye ƙyam, fuskar Yari tana gabansa. Bai lura ba cewa jar fitilar ta mutu tun yana rawa, don akuya ta riga ta ci rabonta na batir.

Kwana uku Tambari yana karɓar barka. Bai kalli kaset ɗin ba, ya ce gwani ba ya ɗanɗana girkinsa. Ranar Juma'a bayan an sauko, Alhaji Ladan ya tara manyan da suka halarci wasan a babban falonsa, aka sauke labule, aka kunna janareta, aka jona na'ura da talabijin mai kala. Yari ya zo da 'ya'yansa da jikokinsa, aka ba su gaba. Kalangunsa yana rataye a bangon falon, don ya bar wa Alhaji shi kyauta tun ranar wasa. Tambari ya yi gajeren jawabi a kan wahalar aikin, sannan ya danna.

Fuskar akuya ta cika talabijin. Ta fito tas, har gashin hancinta ana gani, tana tuƙa tana kallon manyan gari. Limami ya yi gyaran murya. Tambari ya ce wannan shimfiɗa ce, haka ake yi a Kaduna. Da shimfiɗar ta kai minti goma, sarkin pawa ya ce shi dai a ganinsa akuyar tana da ciki.

Daga nan sai fari fat, da wani baƙin abu a tsakiya kamar tulu. Tambari ya ce Yari ke nan daga baya. Kafin jikokin su gama leƙawa, hoton ya rikito ƙasa, sai ga takalmi sau-ciki ja, aikin dukawa, da ƙura a bakinsa. Attajirin fata ya ce, "Nawa na." Aka yi dariya. Wani takalmin ya zo, sakatare ya ce nasa ne. Abin ya fara zama wasa, kowa yana jiran ƙafarsa, har aka gano wani ɗan kwangila da safa ɗaya baƙa ɗaya ruwan ƙasa.

Sai Alhaji ya ce a ƙara murya a ji waƙar. Aka ƙara. Kalangu yana can nesa kamar daga wata unguwa. Abin da ya fito ɓaro-ɓaro muryar Tambari ce: "Ranka shi daɗe, ina gajiya, ina iyali." Takalmin ya wuce. Sai muryar ta sauko: "Dibi tahiya, kamar ba shi na ab bisa jaki bara ba." Attajirin fata ya daina dariya. Aka zo kan sakatare, aka ji inda fankokin ofishinsa suka koma. Aka zo kan surukin Tambari, aka ji abin da bai kamata suruki ya ji ba. Duk wanda aka wuce kansa sai ya gyara zama ya jira na gaba da daɗin rai. Tambari ya miƙa hannu zai kashe, Manjo ya taɓa shi da sanda ya ce a bari.

Takalman Manjon sun fi na kowa daɗewa. Waƙa guda cur suna ƙyalli a talabijin, babu abin da ake ji sai numfashin Tambari da addu'ar neman tsari. Manjo ya ji daɗin wannan ƙwarai. Na Alhaji Ladan ne suka zo daga baya, lokacin da ya taso tarbar wani baƙo, fararen takalma 'yan Jidda. Muryar ta yi masa kirari mai kyau, sannan ta ƙara da cewa in ana neman rairayin Gulbin Rima a duba cikin simintinsa.

Can aka ji muryar Yari ta matso, tana kiran Tambari na Kulu. Jikokin suka miƙe tsaye. Sai talabijin ta cika da sararin sama, yana lilo dama da hagu, da shirwa guda tana shawagi, da ihun Tambari yana cewa a gaida Yari. Daga nan sai ƙasa, sai wani diddige mai faso, sai duhu.

Babu wanda ya yi dariya a nan. Yari ya daɗe yana kallon baƙin gilashin, kuma duk wanda ya dube shi ya ga abin ya yi masa ciwo, don ya san muryar da ya fitar ran nan ba za ta sake fitowa ba. Ya tambaya a hankali, "To ni ina nike?"

Mode, da ke zaune can baya, ya ce, "Diddigen nan na ƙarshe, ina zaton naka na."

Tambari ya zube, wannan karon da dalili. Ya ce laifin rana ne, ya ce kaset ɗin Jidda bai saba da zafin Sakkwato ba, ya ce a sake wasan kawai, yanzu hannunsa ya faɗa. Yari bai ko dube shi ba. Ya tashi ya je bango ya sauko da kalangu. Alhaji Ladan, wanda da ƙyar yake magana don haushi, ya tuna masa cewa ya yi alkawarin ajiyewa a gaban jama'a.

Yari ya ce, "Na yi, Alhaji. Makka tana nan, Allah kuma mai gahwara na. Guda ɗai tar rage."

Nan take ya matse kalangu a hammata, ya ɗora waƙa:

Tambari mai hoton takalma,
Ka ɗauki akuya ka bar Yari.
Manya sun zo da huskokinsu,
Kai ko sawunsu kaka nema.

Ba a nemi 'yan amshi ba. Attajirin fata da sakatare da sarkin pawa da surukin Tambari su suka karɓa, Manjo yana buga sanda a tebur. Kafin magariba waƙar ta kai Ƙofar Dundaye, kafin mako masu daka sun ɗauke ta.

Alhaji ya karɓe na'urarsa, ya aika a karɓo ƙarfen nan mai ƙafa uku. Kulu ta sauke ƙwaryarta ta bayar, ta ce a gaya wa Alhaji duk kayan shi kaɗai ne ya yi aiki.

Yari ya je Makka ya dawo, bai sake taɓa kalangu ba har Allah ya karɓi ransa. Jikokinsa ba su da komai nasa sai hoton fasfo da wannan waƙa. Tambari kuwa bai tafi Gusau ba, don ba shi da irin wannan kunyar. Ya goge allo ya koma kashe rediyo, kuma duk wanda ya zauna a bencinsa sai ya ji cewa duk Sakkwato, da attajiranta da sojanta, shi kaɗai ne ya taɓa sa Yari ya sauko da kalangu bayan ya rataye. Gaskiya ne kuma, babu mai musu. Sai dai har ya tsufa, in ya ratsa Ƙofar Marke, mazauna bakin hanya ba sa miƙa masa hannu. Kowa ƙafa yake miƙowa, ya gyara zaman takalminsa, ya ce a ɗauke shi da kyau.